Ina Muka Tsaya, Yaya?

Shafi na 23

Masu cika min waya da "ina ci gaban, ina ci gaban", to ga shi, ku bar ni in sha ruwa. Ku kuma da kuka dage cewa Auta ba ta kyauta wa yayanta ba, ku kwantar da hankalinku, yau ita ma za ta sani.

*

Kujerar Yaya babu kowa.

Auta ta tsaya a gaban teburin nasa tana kallo. Kofunan shayi ne a jere, kowanne an kurɓa an manta da shi. Jakarsa na ƙasa baki buɗe, mabuɗin motarsa a cikin takalmin da ya cire. Kwamfutar ce kawai babu.

"Ina Yaya?"

Dogo, wanda teburinsa ke kallon na Yaya, ko ɗagowa bai yi ba.

"Saura Kaɗan? Ai ya ce yana zuwa. Saura kaɗan."

Aka kwashe da dariya. Duk kamfanin rubuta manhajar nan da sunan suke kiransa, don ko me ka tambaye shi amsar ke nan. A da har ita tana taya su dariyar. Yau dai ba ta zo mata ba.

Da safen nan Manaja ya faɗa a gaban kowa. Manhajar da suka yi wa kamfanin dakon kaya tana tura direba biyu su je ɗaukar kaya ɗaya, har an fara ba hammata iska a bakin shaguna. Yaya aka ba gyaran, ya kwana biyu a hannunsa. In aka tashi aiki yau bai gama ba, to ya gama da kamfanin.

Kuma Auta ce shugabar sashen. Ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, wadda shi ya fara ɗora yatsunta a kan kibod ɗin kwamfuta, shi ya kawo ta kamfanin, yau ita ce a samansa.

Ƙiriring!

Wayoyin ofis suka yi ƙara a tare. Ba sai ta duba ba, ta san saƙon, don ita ta rubuta shi.

"Ina muka tsaya, Yaya? Aikin direbobi bai kammala ba."

Mai Tuni ke nan, 'yar manhajar da ta haɗa da hannunta. Da, teburinta na manne da nasa. Duk sanda ta ga hankalinsa ya yi gaba sai ta ɗan ƙwanƙwasa tebur ta ce, "Ina muka tsaya, Yaya?" Sai ya dawo. Da ta gaji, sai ta yi abin da duk mai rubuta manhaja ke yi da aikin da ya ishe shi: ta sa inji ya riƙa yi. Ta kwashe kayanta ta koma ƙaramin ofis mai ƙofa. Manaja ya gani ya ce ai wannan basira ce, a haɗa shi da guruf ɗin ofis kowa ya riƙa gani.

Dogo ya karanta saƙon da ƙarfi, har da maƙale murya irin tata.

"Ya isa!" ta ce.

Ta juya ta fita.

*

A ɗakin ajiya ta same shi, inda ake jibge matattun kwamfutoci da kujerun da suka karye. Yana zaune a ƙasa ba takalmi, ya jingina da bango. Kwamfutarsa na gefe a rufe. A cinyarsa kuwa tsohuwar fankar ofis ce, ya warware ta gaba ɗaya, ya jera ƙusoshinta a kan kwali.

Ni dai na ce, bawan Allah, aikinka na rawa kai kana gyaran fanka?

"Yaya!"

Ya zabura.

"Auta. Wallahi saura..."

"Kada ka ƙarasa. Don Allah kada ka ƙarasa."

Ta dubi fankar da ke cinyarsa.

"Me kake yi a nan?"

"Na gudo ne daga ƙarar nan. Na ce bari in zo inda babu kowa. Ina shigowa na ga fankar, na ce bari in ɗan duba me ya hana ta juyawa."

"Tun yaushe?"

Ya dubi hannunsa. Babu agogo, ya manta shi a gida.

Ranta ya gama ɓaci. Ta turo ƙofar ta rufe.

"Yaya, me na yi maka? Kullum ni ce a gaban Manaja ina ba da haƙuri. Kullum ni ce 'ai yayana ne, zai gyara'. Duk ofis ɗin nan babu wanda ya kai ka sanin aiki, kowa ya sani. To me ya sa ba za ka zauna ka yi ba? Kana da mata, kana da yara. Ko so kake a ce ƙanwarka ce ta sa hannu aka kore ka?"

"Ki ƙarasa."

"In ƙarasa me?"

"Ki ce lalaci ne. Baba ma haka ya ce har ya bar duniya."

"Ni ban ce ba."

"Ba ki ce ba. Inji kika sa yana faɗa min a gaban mutane."

Maganar ta shige ta.

Yaya ya ajiye fankar. Ya daɗe yana murza wata ƙusa a tsakanin yatsunsa.

"Zauna, Auta."

"Ina da aiki."

"Zauna. Yayanki ne ya ce, ba ma'aikacinki ba."

Ta jawo wata kujera marar hannu ta zauna.

"Kin tuna ranar da na manta 'yar wajena a makaranta?"

Ta tuna. Har malamai suka watse, yarinyar na zaune wajen mai gadi tana kuka. Matarsa ta yi kwanaki ba ta kula shi ba, Umma kuma ta kira shi ta wanke shi tas.

"Na fita da niyyar ɗauko ta. Na shiga mota. Sai na ji wani ɗan ƙara a ƙarƙashin kujera, na ce bari in duba. Auta, wallahi ban san yadda aka yi rana ta yi sanyi ba. Da na je na ga fuskarta, ba ta ce min komai ba, rigata kawai ta riƙe har gida. Washegari na je asibiti."

"Asibiti kuma?"

"Wajen likitan ƙwaƙwalwa."

Ta kafe shi da ido.

"Na yi ta zuwa. Tambayoyi har na tun ina firamare. A ƙarshe ya ce larura ce, tana da suna, ADHD. Rashin iya tsayar da hankali wuri ɗaya. Na ce likita, ai wannan na yara ne. Ya yi dariya ya ce, to yaran ba sa girma?"

"Yaya..."

"Ya ce ba hauka ba ce, ba lalaci ba ne, ba kuma raini ba ne. Da ita na taso. Duk bulalar da Baba ya karya a jikina, duk 'yana da ƙwaƙwalwa amma ba ya maida hankali' da malamai suka yi ta faɗa, duk kunnen ƙashin da Umma ke cewa ina da shi. Na fito na zauna a mota na yi kuka. Ƙato da ni, da furfura."

Auta ta sunkuyar da kai. Ita ce fa mai kai ƙararsa suna yara. "Baba, Yaya bai gama wanke motar ba, yana can yana kallon tururuwa." Har daɗi take ji in an yaba mata.

"Babu magani?"

"Akwai. Ana gwada min, ba a dace da wanda ya karɓe ni ba tukuna. Wani ya hana ni barci, wani kuma..." ya ɗan yi murmushi, "mantawa nake in sha."

Ba ta yi dariya ba.

"Amma akwai abin da likitan ya tambaye ni. Ya ce, a duk rayuwarka yaushe ka fi yin aiki lafiya? Na ce lokacin da ƙanwata ke zama kusa da ni. Ya ce yawwa, ka riƙe wannan. Ya ce da yawa masu irin larurata haka suke, in da mutum a gefensu yana nasa aikin, sai hankalinsu ya zauna. Ba sai ya taimaka ba. Ba sai ya ma yi magana ba. Ya dai kasance a wurin."

Ya ajiye ƙusar a kan kwalin.

"Na dawo ofis da murnata zan ba ki labari. Na tarar ana fitar da teburinki."

Ta tuna ranar sarai. Ya tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, ya ce, "Auta, ina zuwa haka?" Ita kuma ta ce, "Inda za a bar ni in yi aiki." Har da 'yar dariyarta. Shi ya ma kama mata teburin suka shigar.

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"In ce me? Shugabar sashe, dawo ki yi renon yayanki?"

"Da na sani..."

"Kin gaji, Auta. Na gani a fuskarki, kuma ban ga laifinki ba. Ƙafata na girgiza miki tebur, ina katse ki da labarin da bai shafe ki ba, ki tambaye ni abu ɗaya in ba ki amsar wani. Ko ni da zan iya tashi daga kusa da kaina da na tashi."

Hawayen da take riƙewa suka zubo.

"To Mai Tuni fa? Ni na ɗauka taimako ne. Maganata ce fa, ita ce dai wadda nake faɗa maka."

"Ke in za ki faɗa, sai kin ga na tafi. Shi kuwa bai san na tafi ko ina nan ba. Sai na sha wahala na tattaro aikin nan a kaina, na ɗora wannan kan wannan, na kusa ganin inda matsalar take, sai ƙiriring. Komai ya zube. In ɗago in ga Dogo na dariya. In sake farawa daga farko, ina yi ina jiran ƙarar ta gaba. Yanzu ko bai yi ƙara ba ina jin sa."

Ita da ta yi ta alfahari da abin nan, har tana nuna wa baƙi! Ashe tun da ta kunna shi take tsinka wa yayanta tunani, tana can bayan ƙofa tana jin daɗin shiru. Kunya da nadama suka rufe ta, ta rasa inda za ta sa kanta.

Ta ciro wayarta, ta shiga ta kashe Mai Tuni gaba ɗaya.

"Ka yafe min, Yaya."

"Ba ki sani ba ne."

"Ban tambaya ba dai."

Ya miƙo mata hankicinsa, ya ga duk baƙin man fanka ne, ya maida aljihu.

"Abu ɗaya nake roƙon ki. Ki rufa min asiri. Kada kowa ya ji, musamman a ofis ɗin nan. Kin san mutane, da sun ji likitan ƙwaƙwalwa shi ke nan, an gama da kai. Gara a kore ni a matsayin malalaci da a riƙe ni ana kallona a mai taɓin hankali."

"Ba mai ji."

"Ki yi min alkawari."

"Na yi, Yaya. Wallahi ba mai ji daga bakina."

Ta share fuskarta, ta ture fankar da ƙafa, ta sauko ƙasa kusa da shi da kayan ofis ɗinta da komai. Ta ɗauko kwamfutarsa ta ɗora masa a cinya.

"Buɗe."

Ya buɗe. Shafuka ne rututu a allon, har da na yadda ƙudan zuma ke barci. Ta harare shi, ya rufe su yana sosa ƙeya.

Ba ta ƙara cewa komai ba. Ta kama duba saƙonninta a waya, kafaɗarta kusa da tasa. Da farko ƙafarsa na ta rawa. Can sai ta ji kibod ya fara ƙara, a hankali, sannan da sauri. Ta saci kallonsa. Ya matso da fuska kusa da allo, leɓensa na motsi, ya manta da ita da ɗakin baki ɗaya. Rabon da ta ga wannan fuskar tun tana teburin kusa da shi.

Wayarta ta haska. Manaja.

"Ki same ni a ofis yanzu."

Ta miƙe a hankali.

"Ci gaba, Yaya, yanzu zan dawo."

Ko jin ta bai yi ba.

*

Manaja mutum ne da ba ya son dogon zance, sai in shi ke yi. Ko zama bai ce ta yi ba.

"Wa ya kashe Mai Tuni?"

"Ni ce, Yallaɓai."

"Saboda ya daina tona asirin ɗan'uwanki?"

"Ba haka ba ne."

"Masu dakon kaya sun sake kira na. Sun ce in ba za mu iya ba su nemi wasu. Na leƙa, kujerarsa babu kowa. An ce tun ɗazu. Ba sai na jira tashi ba, na gama yanke shawara. Ke za ki faɗa masa ko ni?"

"Yallaɓai, yana kan aikin. Da idona na gani."

"Kullum yana kan aikin. Ni fa godiya ma nake miki. Da ina jin ana cewa yana da jinkiri, ban san ya kai haka ba sai da kika haɗa abin nan. Ke kika buɗe min ido."

Da ya mare ta da ya fi mata sauƙi.

"Don Allah ka ƙara masa lokaci. Zan maida teburina kusa da nasa, za ka ga canji."

"Shugabar sashe guda ta koma gadin mutum ɗaya? Yaro ne shi?"

"Ba yaro ba ne, amma..."

"Amma me? Malama, na yi haƙuri da shi ne saboda ke. Mutumin da ya san aiki ya ƙi yi, ya fi wanda bai sani ba laifi. Raini ne kawai. Ya ga ƙanwarsa ce shugaba."

"Wallahi ba raini ba ne!"

"To mene ne? Ba ni dalili ɗaya. Ɗaya tak, in fasa."

Ta hango yaran Yaya, ta hango matarsa, ta hango Umma tana cewa, "Kina wurin aka kore shi?" Ta hango shi kuma a ƙasa ba takalmi yana cewa ki yi min alkawari.

Manaja ya ɗauki wayarsa.

"Shi ke nan. Bari in kira shi da kaina."

"Ba shi da lafiya!"

Ya dakata.

"Larura gare shi, Yallaɓai. Likitan ƙwaƙwalwa yake gani, har magani an ɗora shi a kai. Ba ya iya tsayar da hankalinsa wuri ɗaya ne, ba da gangan yake yi ba. Kuma ni na ƙara masa, ni na..."

Manaja ya ajiye wayar a hankali. Fuskarsa ba ta yi laushi ba ko kaɗan, sai ma wani kallo da ya maye gurbin fushin, wanda ya fi fushin muni.

"Likitan ƙwaƙwalwa? Kina nufin duk manhajojin mutane da ke hannunmu, mai irin wannan matsalar muka sake wa yana taɓawa? Kuma kin sani kika yi shiru?"

"Ba hauka ba ce fa, Yallaɓai! Likitan ma ya ce..."

Ta ga idon Manaja ya bar kanta ya koma bayanta.

Ta juya.

Ƙofar a buɗe take, ita ta bar ta haka da ta shigo a gaggauce. Yaya na tsaye a bakinta, ƙafa ba takalmi, kwamfuta a buɗe a hannunsa. A bayansa Dogo ne da sauran 'yan ofis, kowa ya bar abin da yake yi.

"Na zo ne in ce na gano matsalar," in ji Yaya. Muryarsa ƙasa-ƙasa. "Na gyara, na gwada. Direba ɗaya take turawa yanzu."

Babu wanda ya motsa.

Auta ta dubi kwamfutar da ke hannunsa. Da ta ƙara haƙuri kaɗan. Da ta rufe bakinta na ɗan lokacin da zai tako daga ɗakin ajiya zuwa nan.

Manaja ya gyara zama.

"Ajiye wannan tukuna. Abin da ƙanwarka ta faɗa, gaskiya ne?"

Yaya bai kalle shi ba. Ita yake kallo.

"Ko matata ba ta sani ba, Auta. Ke kaɗai na faɗa wa."